Gani Ya Kori Ji, Amma Wane Irin Gani?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. In ana gardama mutum ya tashi ya ce, "Ni da idona na gani," sai kowa ya yi shiru. Da wannan magana a kan kama ɓarawo, da ita kuma a kan ɓata sunan mai gaskiya, har a raba mata da miji. Tambayar da za mu duba a wannan wata ita ce: mutumin da ya ba da shaidar abin da ya gaskata ya gani cikin duhu, daga baya ta bayyana ba haka ba ne, yana da laifi ko ba shi da shi? Bai yi ƙarya ba, gama abin da ke zuciyarsa ya faɗi. Amma ga maƙwabcinsa ya sha kunya ko ɗauri a banza. Kafin mu amsa, bari mu duba yadda ido ya ke aiki da dare.

A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai laushi, likitoci suna kiransa retina. A kansa haske ya ke sauka. Ƙananan ma'aikata iri biyu suna cikinsa. Waɗansu dogaye ne sirara, domin haka aka sa musu suna sanduna. Yawansu kamar miliyan 100 ne a ido ɗaya. Waɗansu kuwa masu tsini ne, su miliyan 5 ne ko 6. A shekara ta 1866 wani Bajamushe, Max Schultze, ya lura cewa idon masu yawon dare, kamar mujiya da jemage, cike ya ke da sanduna. Daga nan ya gane masu tsini su ne na rana, masu rarrabe launi, sanduna kuwa na dare ne.

Kowace sanda tana da kashi uku. A kanta akwai 'yan fayafai kamar 1,000, an jera su ɗaya bisa ɗaya. A tsakiya akwai wurin da ta ke samun ƙarfinta. A gindi kuma akwai bakin da ta ke miƙa saƙo ga jijiya. Cikin fayafan nan akwai wani rini da a ke kira rodofsin. Franz Boll ne ya bayyana shi a 1876, sa'ad da ya ga tantanin idon kwaɗo ja ne in an cire shi cikin duhu, amma in haske ya taɓa shi sai ya koɗe. Koɗewar nan ita ce mafarin gani. Daga baya George Wald na Amurka ya nuna da bitamin A a ke yin rinin, ya kuwa sami kyautar Nobel a 1967. Shi ya sa rashin abinci irin su hanta da manja da zogale ya kan jawo dundumi: mutum yana gani da rana, magariba na yi sai lalube.

Ƙarfin sandunan nan abin mamaki ne. A 1942 Selig Hecht da abokan aikinsa biyu a birnin New York suka gwada, suka tarar sanda ɗaya tana iya jin ƙwayar haske guda ɗaya tak, wadda ba abin da ya fi ta ƙanƙanta cikin haske. Amma ƙarfin nan yana da tamaninsa, ga shi kuwa kashi huɗu.

Na fari, sanduna ba su san launi ba, gama rininsu iri ɗaya ne. A daren da ba wata, jar hula baƙa ce ga ido. Na biyu, igiyoyin jijiyar da ke kai saƙo ga ƙwaƙwalwa ba su fi miliyan ɗaya da 'yan kai ba, saboda haka sanduna masu yawa su kan haɗa saƙonsu a igiya guda. Kamar mai unguwa ne da ya ji kururuwa: ya san wani abu ya faru a unguwa, bai san ko a wane gida ba. Domin wannan idon dare ya kan ga motsi da tsayi, amma ba ya fid da kamannin fuska sarai. Na uku, daidai tsakiyar tantanin, inda mu ke duban fuskar mutum ko baƙin rubutu, babu sanda ko ɗaya. Mai karatu ya gwada: ka dubi ƙaramin tauraro kai tsaye, sai ya ɓace, ka ɗan kau da ido gefe, sai ya komo. Na huɗu, rinin da fitila ta koɗar ba ya cika nan da nan. Wanda ya fito daga ɗaki mai haske sai ya yi minti 20 ko 30 kafin idonsa ya saba da duhu sosai.

To, a ce mutum yana zaune kusa da fitila, ya ji motsi wajen rumbu, ya fito da gudu, ya hangi wani yana tsallake danga. Abin da sandunansa suka ba shi ke nan: dogon abu ya gilma ya yi gabas. Da safe kuwa sai ya ce, "Wane ne, da jar hularsa." Ina ya sami jar hula? Ina ya sami suna? Zuciya ce ta cika abin da ido ya bari. Ita kuwa zuciya da abin da ta riga ta ajiye ta ke cikawa: wanda mu ke zato tun dā, wanda muka yi faɗa da shi a kan iyakar gona, ko baƙon da ba kabilarmu ba. Mutumin ba ya jin inda gani ya ƙare zato ya soma.

Wani zai ce, "In haka ne, ba wanda zai ƙara yin shaida a kan abin da ya faru da dare, ɓarayi kuwa su sami sake, tun da shi ke dare rigar mugu ne." Maganar tana da nauyi. Wanda ya ga mugunta ya yi shiru domin tsoron kuskure, ya ci amanar wanda aka cuta. Amma ido da kansa ya nuna mana hanya. Sanda ba ta ɓoye ko ƙwayar haske ɗaya, tana kai labarinta. Duk da haka Hecht ya tarar mutum ba ya cewa ya ga walƙiya sai sanduna 5 zuwa 14 sun shaida tare. Wajen 1980 kuma Denis Baylor da abokansa suka nuna cewa wani lokaci rinin ya kan juya da kansa saboda ɗumi kawai, sanda ta aika da saƙon haske alhali ba haske. Ashe ko mai shaida mai aminci ya kan yi kuskure, shi ya sa ba a ɗora hukunci a bakin ɗaya.

Ga amsarmu ke nan. Mutumin nan ba maƙaryaci ba ne, kada a kira shi haka. Amma bai kuɓuta sarai ba. Laifinsa shi ne ya sayar da zato a kan kuɗin gani, bai tsaya ya auna ba, ga shi kuwa sunan wani ne a hannunsa. Wanda bai taɓa jin iyakar idonsa ba yana da ɗan uzuri. Mu da muka ji yanzu, uzurinmu ya ragu. Masu sauraro ma suna da nasu rabo, ko alƙali ne, ko dattawan ekklisiya, ko matan da ke hira a bakin rijiya. Wajibi ne su tambaya: Da wata ko babu? Daga wane nisa? Daga haske ka fito? Fuskarsa ka gani, ko muryarsa ka ji, ko tafiyarsa ce ta yi maka kama?

'Yan'uwa, magana zarar bunu ce. In an kira ka shaida, ka raba zancenka biyu. Ka ce, "Ga abin da na gani," ka tsaya inda ido ya tsaya. Sa'an nan in ya zama dole ka ce, "Ga abin da na ke tsammani," domin kowa ya san wanne ne wanne. Mutane za su ce shaidarka ba ta da ƙarfi, watakila har wanda aka yi wa sata ya ji haushinka. Ka haƙura da wannan. Akuyar da aka sace ana iya sayen wata, amma wanda aka kira ɓarawo a bainar jama'a, har jikokinsa za a riƙa nunawa da baki.