Wane Irin Mutum Makarantar Ɗanka Take Ginawa?



Duk sanda sabon zangon karatu ya kusato, hirar da muke ji a bakin masallaci da rumfunan kasuwa ba ta wuce biyu: wace makaranta ce ta fi sauƙin kuɗi, kuma wacce ce yaranta suka fi cin WAEC da NECO. Babu laifi a wannan, don kuɗi ba a ƙasa ake tsintarsa ba. Amma akwai tambaya ta uku da ya kamata mu riƙa haɗawa da su: in yaron nan ya yi shekara shida a wurin, wane irin mutum zai fito?

Wani zai ce ai tarbiyya aikin gida ce, makaranta boko kawai take bayarwa. To mu yi lissafi. Yaro yana shiga aji wajen ƙarfe takwas, ya tashi wajen biyu. Awa shida ke nan, sau biyar, awa talatin a mako, ban da zaman mota. Uba kuwa ya fita Mile 12 ko abbatuwar Oko-Oba tun bayan asuba, ba zai dawo ba sai magariba ta wuce. A ranakun aiki, malami ya fi uba ganin yaron ido biyu. Wanda ya fi daɗewa da yaro kuwa dole ya bar masa wani hali, ko yana nufi ko ba ya nufi.

Kowace makaranta tana da take mai daɗi a jikin ƙofa: ilimi, gaskiya, tsoron Allah. Mu 'yan kasuwa mun san ba a sayen buhu don rubutun da ke jikinsa, sai an zura hannu an ɗebo. Abin da yaro yake ɗauka shi ne abin da ya ga ana yi. In ɗan mai kuɗi ya yi laifi an ƙyale shi, ɗan mai tura baro ya yi an zane shi, to ajin nan gaba ɗaya ya koyi cewa gaskiya tana da farashi, ko da ba a rubuta haka a allo ba.

Babbar jarrabawarmu a nan ita ce makarantun da ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa. Hujjar uban da ya kai ɗansa can ba ta wasa ba ce. Zai ce ba a shiga jami'a sai da kiredit biyar har da Turanci, kowa yana yi, shi kaɗai ne zai bar ɗansa a baya? Mun ji. Amma mu duba abin da aka saya da kuɗin. Yaron ya ga malaminsa da mahaifinsa, mutum biyu da ya fi girmamawa, sun haɗa baki sun yi ha'inci, kuma abin ya yi nasara. Gobe shi za mu damƙa wa makullin shago. Kasuwancinmu kaf a kan amana yake tafiya: a ɗora kaya daga Dawanau ko Fataskum da waya ɗaya, a biya bayan an sayar. Wanda ya saba da awo biyu tun yana ɗan shekara goma sha shida, da wuya ya tsaya a kan mudu ɗaya in ya girma. Wanda ya faɗi jarrabawa yana iya sake zama, WAEC da NECO duk suna da ta masu zaman kansu. Amana kuwa in ta zube, ba a sayar da fam ɗin sake ta.

Sai batun kula da yaron kansa: cikinsa, lafiyarsa da natsuwarsa. Wasu suna ganin wannan shagwaɓa ce irin ta Turawa. Ba haka ba ne fa. Yaron da yunwa ke ci ba ya jin darasi. Yarinyar da ta fara girma, makarantarsu babu banɗaki mai ƙofa da ruwa, za ta fara ƙirƙiro dalilin fashi. Yaron da kullum ake kira da “aboki” cikin raini, ana kwaikwayon harshensa, malami na ji bai ce uffan ba, ɗayan biyu zai koya: ko ya ɓoye asalinsa yana jin kunyar iyayensa, ko ya zama mai rama komai da hannu. Duka biyun hali ne, kuma makaranta ce ta dasa su da shirunta.

Haka ma duka. Da yawa za su ce mu ma an dake mu, ga shi mun zama mutane. Ba mu ce a bar yaro sakaka ba, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma tanƙwarawa daban, karyawa daban. Ibnu Khaldun ya yi bayani a littafinsa Muƙaddima cewa tsanantawa ɗalibi tana koya masa ƙarya da yaudara, saboda tsoro yana sa shi nuna abin da ba shi ne a ransa ba. Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Yaron da bulala kaɗai ke tsare shi, ranar da babu mai bulala babu abin da zai tsare shi. Wannan magana ta shafi Islamiyyoyinmu kamar yadda ta shafi boko.

A kan addini, mu gode wa Allah ba mu muka fara wannan tafiya ba. Tun 1923 'yan uwanmu Musulmin Yarbawa suka kafa Ansar-ud-Deen a nan Legas, suka buɗe makarantu don yaro ya yi boko ba tare da ya bar addininsa ba. A 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas. Sai dai mu yi adalci: sunan Larabci a ƙofa ba shaida ba ne. Makarantar da wanda ba Musulmi ba yake riƙe da ita, tana ba yara damar sallah, tana hana satar amsa, tana hukunta mai cin zali, ta fi amfani ga halin ɗanka a kan mai sunan Larabci da ke sayar da amsa.

Mun san ba kowa ke da halin zaɓe ba. Da yawanmu makarantar gwamnati ta kusa da gida ce kawai a gabansu, kuma dokar 2004 ta sa karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Ko a nan ma uba bai rasa abin yi ba. Rufe rumfa na awa biyu ka je da ƙafarka. Ka leƙa banɗaki, ka ga ko akwai ruwa. Ka tambayi shugaban makaranta yadda suke yi in babba ya ci zalin ƙarami, da inda yara suke yin azahar. Ka riƙa zuwa taron iyaye da malamai, in Turanci ko Yarbanci ne matsala ka tafi da wanda ya iya. Malami yana shakkar taɓa yaron da ya san fuskar ubansa. Iyaye mata kuma, ku ne kuke fara ganin canji: yaro ya daina cin abinci, ko ya fara ciwon ciki duk ranar Litinin. Ku tambaye shi a hankali, ku sanar da mahaifinsa.

Ranar gobe ba za a tambaye mu kiredit nawa yaranmu suka samu ba, amma za a tambaye mu hannun wa muka damƙa su. Allah ya shirya mana zuri'a, ya haɗa su da malamai masu tsoronsa, ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin.

Sakataren masallaci