Hoton Gidan da Ba a Gina Ba

Mu masu zanen gine-gine mukan yi wa gida ɗaya siffa biyu tun ba a haƙa tushensa ba. Ta farko tana cikin manhaja irin su Revit ko ArchiCAD, inda kowane bango ke da kaurinsa, bulo mai inci tara ne ko mai shida, tayil ɗin falo santimita 60 ne ta kowane gefe. Daga nan ake fitar da lissafin kaya da kuɗi. Ta biyu ita ce hoton da muke fitarwa a Lumion ko Twinmotion ko Enscape, mai kama da wanda aka ɗauka da kyamara. Magini ta farkon yake bi. Mai gida kuwa ta biyun yake gani, ita ce kuma take sa shi ya zaro kuɗi.

Siffofin nan biyu ba dole ne su yi daidai ba. A Revit, sunan kaya daban, kamannin da aka lulluɓa masa daban. Kana iya rubuta tayil mai araha a lissafi, ka sa masa fuskar marmarar Karara ta Italiya, kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Ko ba da gangan ba ma, hoton tayil yakan miƙe wajen tura aiki daga wannan manhaja zuwa waccan, sai mai 60 ya fito kamar mai 120, mahaɗai su ragu, falo ya ƙara faɗi a ido. Akwai hanyar daidaita layukan zane da na hoto, amma aiki ne mai cin rai, shi ya sa ake barin sa ga ƙaramin ma'aikaci a matsayin kwalliya. Ni a wurina magana ce ta halal da haram.

Mazhabarmu ta Malikiyya ta halatta sayen abin da ba a gani ba idan an siffanta shi. A Muwaɗɗa, Imamu Malik ya yi babi a kan dilar tufafi da ake sayarwa bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki, ba tare da an kwance ta ba, kuma Risalar da ake karantawa a zaurukanmu ta kawo mas'alar. Idan aka kwance aka tarar da kaya yadda aka faɗa, ciniki ya ɗauru. Idan suka saɓa, mai saye yana da zaɓi. To hoton da muke bugawa shi ne takardar nan a yau. Yawancin masu ba mu aiki ba su iya karanta zanen injiniya ba, hoton ne kaɗai siffar da suke fahimta. A Abuja ma, inda ake sayar da rukunin gidaje tun suna fili, mutum yakan yi ta biya kashi-kashi bisa hoto.

Wasu abokan sana'a sukan ce kowa ya san hoto hoto ne, abin da aka sa wa hannu shi ne yarjejeniya. Hujjar ba ta gamsar da ni. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji danshi a ciki. Mutumin bai furta ƙarya ba, ruwan sama ne ya taɓa kayan, shi dai ya bar busasshen a sama. Duk da haka aka kira abin algus, aka tambaye shi dalilin da bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Ashe abin da ka nuna wa ido yana cikin abin da ka faɗa.

Inda abin yake da wuya shi ne iyaka. Ban ga laifin zaɓar hasken la'asar ko dasa bishiyoyi a hoto ba. Ɗan Kantin Kwari ma yakan fito da shadda bakin ƙofa don haske ya dake ta, kuma shaddar dai ita ce. Amma farin fenti mai ƙyalli da gilashi tas, a garin da hunturu ɗaya ya isa ya rufe su da ƙura? Kayan gaskiya ne, sai dai ranar da ake nunawa ba ta daɗewa. A irin wannan nakan rage sheƙin, in faɗa wa mai gida da baki yadda bangon zai koma bayan damina, ko da hakan zai sa ya canza ra'ayi.

Abin da ba na sassautawa shi ne ranar da tsada ta sa aka sauya kaya. Idan aka cire dutsen ado daga gaban gida aka koma fenti, a ranar nake gyara hoton, in sake tura shi. Sannan in ɗauki tayil ɗin na zahiri in kai wa mai gida, in ce, "Alhaji, taɓa ka ji, wannan za a shimfiɗa." Idan ya yarda, ya sa hannu a bayansa, a ajiye a wurin gini har a gama.