Lita Nawa, Kilo Nawa

Akwai wani nau'in babur da aka ƙera wa mai son abu biyu: gudun babur ɗin tsere da jimirin doguwar tafiya. Su ne irin su Kawasaki Ninja 1000SX, Suzuki GSX-S1000GT, Yamaha Tracer 9 da tsohuwar Honda VFR800. A Turai suke da kasuwa sosai, inda mutum kan tashi daga kudancin Jamus da safe, ya ratsa tsaunukan Alps, ya kwana a Italiya. Mai irin wannan tafiya dole ya sami inda zai zuba kaya, shi ya sa ake maƙala akwatuna biyu a gefen tayar baya. Kamfanin babur ɗin yakan sayar da nasa, amma da tsada, wanda ya sayi na hannu kuwa sau da yawa babu su. Sai a nufi masu ƙera akwatuna: Givi na Italiya, wanda tsohon ɗan tseren babur Giuseppe Visenzi ya kafa a Brescia a 1978, ko Shad na Sifen, ko SW-Motech da Hepco & Becker na Jamus.

Tambayar da mai saye kan fara yi ita ce, lita nawa yake ci? 'Yan kasuwa sun san haka, har a sunan akwatin suke rubuta amsar: Shad SH36 lita 36 ne, Givi V37 lita 37. Idan ya ji cewa na Kawasaki lita 28 ne kacal, sai ya ɗauka rowa aka yi masa. Abin da ba ya dubawa shi ne wani ɗan ƙaramin rubutu da ke cikin murfi ko a takardar da ta zo da akwatin, wanda ya ƙayyade nauyin da aka yarda a zuba. Yawanci ba ya wuce kilo 10, wasu ma 5. Da za ka cika akwati mai lita 37 da ruwa, kilo 37 ke nan, kusan ninki huɗu na abin da aka yarda. Wato cikinsa ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Shi ma babur ɗin yana da tasa ƙa'idar a littafinsa. Irin waɗannan babura duk abin da suke ɗauka bai wuce kilo 200 ko kusa da haka ba, kuma a ciki har da direba. A ce nauyinka kilo 85 ne, wanda ka goya 70. Ku sa hulunan kwano da rigunan kariya da takalma, kilo 10 sun tafi. Akwatunan da kariyarsu, wato ƙarfen da ake maƙala su a jiki, tun ba a zuba ko allura ba, sun ci wasu goma sha wani abu. Abin da ya rage wa kayan mutum biyu bai fi kilo 20 da 'yan kai ba.

A nan abin lura yake. Mukan auna abu da yawan abin da zai iya shiga cikinsa, mu manta da wanda zai ɗauka. Kuma fili ba ya zama a banza. Mai akwatin lita 28 zai zaɓi takalmi ɗaya. Mai lita 37 zai jefa na biyu don ko da za a buƙata, ya ƙara da kwalbar man inji da tarin sifana. Ba don yana buƙata ba, don wurin yana nan ne. Haka mai babban ɗakin ajiya yake tara tarkace, haka wanda ya ga rana ɗaya babu komai a makonsa yake amsa gayyata uku. A ganina ƙaramin akwati ba rowa ba ne, wani ne ya yi maka lissafin da kai ba za ka yi ba.

Bayan yawan nauyi sai inda ya zauna, kuma nan ne babur mai gudu ba ya yafiya. Duk abin da ya rataya a bayan gatarin tayar baya yana sauƙaƙa ta gaba, ita kuwa ta gaba ita ke riƙe da kwana da mafi yawan birki. A cikin gari ba za ka ji komai ba. Sai ka hau babbar hanya ka buɗe wuta, babur ya fara rangaji hagu da dama kamar ba naka ba. Dalilin ke nan da masu ƙera akwatuna kan ce kada a wuce kilomita 120 ko 130 a awa da su, alhali injin yana iya wuce 200. Duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san sauran: ɓangarorin biyu su zo daidai, mai nauyi ya zauna ƙasa. A babur sai a ƙara da tura shi gaba, kusa da direba, a ɗaure shakazoban baya, a ƙara wa taya iska yadda littafi ya ce.

Sauran zaɓin masu sauƙi ne. Akwatin alminiyam mai kusurwa huɗu na baburan jeji ne, a kan wannan sai kama iska. Na roba mai tauri ya fi dacewa, ga makulli, yawancin manyan kuma suna haɗiye hular kwano. Mai buɗewa ta gefe yakan zubo da kaya ƙasa idan ba a sa jaka a ciki ba. Faɗi ma a auna shi da awo, ba da ido ba: idan akwatunan suka fi madubi faɗi, gaba zai shige tsakanin motoci, baya ya maƙale.

Kariya kuwa ta kowane babur daban ce, wani lokaci har shekarar ƙira. Irin waɗannan babura suna shigowa Nijeriya na hannu, kuma nan da nan za a ce a kai wa mai walda ya haɗa. Zai haɗa, amma firam ɗin bayan da yawansu siriri ne, wasu na alminiyam, an yi masa wuraren ɗaure noti ƙayyadaddu. Huda shi ko taɓa shi da wuta a wani wurin daban na iya sa ya tsage daga baya. A nemi kariyar da aka yi wa babur ɗin, a bar tazara tsakanin akwati da salansa don kada roba ta narke, a kuma sake bin notocin da sifana bayan tafiyar farko.