Sanyin da Ingilishi ke zargi

 

Ya ku ƴan'uwa, ɗiyanmu masu koyon Ingilishi a lakwal, da fatakenmu masu zuwa Kano da Kumasi, sukan ci karo da wata kalma mai ruɗarwa. Idan mai jin Ingilishi ya ce da mutum cold, watau mai sanyi, to, ba yabonsa ya yi ba. Nufinsa mutum ne marar fara'a, wanda ba ya jan kowa a jika. Idan abin ya tsananta sai ya ce frosty ko icy, ya kamanta shi da ƙanƙara. Mai haba-haba da jama'a kuwa shi ne warm, mai ɗumi. Faransanci ma haka yake yi da froid.

Mu kuwa in mun ce wane yana da sanyin hali, mun yabe shi ke nan. Mai zafin rai muke gudu. Larabawa ma abin farin ciki suke kira sanyin ido. A ganinmu dalilin bai da nisa: wanda hunturu ke kashewa, wuta ce abokiyarsa, wanda ya san ranar watan Afrilu a Damagaram, inuwa da ruwan randa yake so. Kowa ya ba kirki sunan abin da jikinsa ke marmari.

Amma kalmar da ta fi tsaya mana a rai ita ce aloof. Asalinta maganar matuƙan jirgin ruwa ce a ƙarni na 16: umurni ne a juya kan jirgi wajen iska, don ya yi nesa da gaɓa kada ya faɗa kan duwatsu. Daga baya aka ɗora ta a kan mutumin da ke tsayawa gefe. Ku lura, matuƙin nan ba raina gaɓa ya yi ba, tsoronta yake ji. Suna kuma da cold shoulder, juya wa mutum kafaɗa da gangan, wadda ake samu a rubuce tun 1816 cikin wani littafi na Walter Scott. Wannan kam wulaƙanci ne da niyya. Sai reserved da shy, na mai kawaici da mai kunya, waɗanda ba su kai zargi ba.

Ashe dai nisan mutum iri-iri ne, fuskar ce ɗaya. Mu ma muna da miskili, da mai shan ƙamshi, da mai ɗaure fuska, muna da mai kunya da mai kara. To, da wace hujja muke zaɓar mafi muni mu liƙa wa ɗan'uwa? Ido fuska yake gani, kalmar kuwa hukunci take yankewa a kan zuciya, inda ba mu da shiga. Suratul Hujurati, aya ta 12, ta gargaɗe mu game da yawan zato.

Ba muna wanke mai murtukewa ba ne. Hakkin mutane ne a sake musu fuska, shimfiɗarta ta fi ta tabarma, kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya lissafa murmushi cikin sadaka. Wanda Allah ya ba ilimi ko dukiya, har da mu masu limanci, shi ya fi kowa buƙatar wannan tunatarwa, domin talaka ba ya iya bambance kwarjini da raini. Sai dai wannan awo ne da mutum zai yi wa kansa. Ga waninsa, uzuri ya kamata ya fara nema.

Akwai wani dattijo baƙo da ya yi kusan shekara yana salla a masallacinmu. Da an sallame sai ya ɗauki takalmansa. A gaishe shi, ya wuce. Unguwa ta sa masa suna mai girman kai, mu ma, Allah ya gafarta mana, ba mu musa ba. Ranar da ya kwanta ciwo muka je dubiya, ɗansa ya ce mu ɗaga murya, mu kuma zauna ta damansa, don kunnen hagu ya daɗe da mutuwa, na daman ma kaɗan ya rage. Da muka matsa kusa muka yi sallama da ƙarfi, sai ya riƙe hannunmu, bai sake shi ba har aka kira la'asar.