Ladan Jagora da Kuɗin Alfarma a Tallafin Wutar Sola

Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, masu walda da masu injin markaɗe da masu sayar da ƙanƙara suka karkata ga wutar sola, wato lantarkin da ake tatsa daga hasken rana. Sai dai tallafin da gwamnati ta tanada ta hannun Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, wanda Bankin Duniya ya ƙarfafa da rancen dala miliyan 750 a Disambar wannan shekarar, yana bi ne ta kamfanoni da takardun Turanci waɗanda mai shago a kasuwar ƙauye bai san kansu ba. A nan tambaya ta taso: shin ya halatta wanda ya yi masa jagora ya karɓi lada?

Malaman Malikiyya sun rarrabe abu biyu. Na farko ijara, wato jingar aiki sananne a kan lada sananne, kamar cike takarda, lissafin wutar da firiji da fanka suke ci, da zirga-zirga zuwa ofis, kuma wannan halak ne tunda gumi aka saya. Na biyu kuɗin alfarma, wato abin da mutum ke karɓa don kawai ana jin maganarsa a wurin masu iko, wanda da yawan malaman suka hana, domin irin wannan ceto aikin neman lada ne wurin Allah, balle a kan dukiyar baitulmali wadda talaka yake da hakki a cikinta tun asali.

Saboda haka, jagoran da ya sayar da wahalarsa ya ci halaliyarsa, wanda kuwa ya sayar da sanayya ya sayar wa talaka abin da da ma nasa ne.