Ɗakin Ruwan Inabi, Na Wane Ne?

A Faransa gidaje da yawa suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa don ajiyar ruwan inabi, gama yana son duhu da sanyi, misalin digiri 12. To, dankali ma haka yake so. In uwargida ta kai buhunsa can, maigida ya ce ba don dankali aka gina ɗakin ba, yana da gaskiya? A ganina, a'a. A yaƙin 1914 zuwa 1918, sa'ad da Jamusawa suke yi wa birnin Reims ruwan wuta, mutane suka ɓuya a irin waɗannan ɗakuna na masu sana'ar inabi, har aka buɗe wa yara makaranta a tsakanin kwalabe. Wa zai ce an ɓata ɗakin? Da kananzir ta kai, mai wari da haɗarin gobara, da na bi bayan maigida.