Inda ɓera ke fara ci

Duk wanda ya taɓa zazzage buhun masarar da ɓera ya shiga ya san abin da ke taruwa a ƙasan buhun: kashin ɓera, gari-gari, da ƙwayoyi masu yawa da za ka rantse lafiyarsu ƙalau. Ɗauki ɗaya ka juya ta. Ɗan wurin nan mai laushi a gindinta, inda tsiro ke fitowa, an ƙwaƙule shi. Nan ɓera yake fara ci, don nan maiƙo yake, sai ya yar da sauran ya kama wata. Irin wannan masara tana cika mudu, amma ko a gonar da ta sha taki aka binne ta, ba za ta fito ba.

Shi ya sa ajiyar iri ta bambanta da ajiyar abinci. Hatsin ci in ya fara raguwa, uwargida za ta yi magana da wuri, tunda kullum tana auna tsaba. Iri kuwa ana rufe shi da kaka, wajen Oktoba ko Nuwamba, ba a sake waiwayarsa sai ruwan shuka ya sauka a Mayu ko Yuni. A tsakanin nan ɓera ya samu sarari. Cikinsa mako 3 ne kacal, kuma ɓeran nan mai yawan nonuwa da ke zirga-zirga tsakanin gona da gida yakan haifi 'ya'ya fiye da 10 a lokaci guda. Ranar da mai iri zai gano ɓarna, maƙwabta na gona da sungumi, irin kasuwa ya yi tsada, kuma bai san asalin abin da zai saya ba.

Magabata sun gane wannan. Tun a gona suke zaɓen zangarniyar gero ko dawa mafi cika, a ɗaure ta daban, a rataye a madafa. Hayaƙi na busar da ita yana rage mata ƙwaro, wannan kowa ya sani. A ganina babban amfanin wurin shi ne ido: ba a kwana a tashi ba tare da wani ya wuce ta ƙarƙashinta ba, in ƙaiƙayi ya fara zubowa ƙasa za a gani. Wasu sukan sussuka irin su gauraya da toka a tulu, su liƙe bakin da laka. Rumbu ma ba don ado ake ɗora shi kan duwatsu ba.

Yau akwai buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana daga jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, ya bazu a Nijeriya da Nijar daga 2007. Yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da magani ba. Amma huda ɗaya ta haƙorin ɓera ta isa ta mayar da shi buhun banza. Sai an ɗora shi kan katako nesa da bango, ko a zuba irin a jarka ko durom mai murfi, bayan ya bushe har in an ciza ƙwaya sai ta ce ƙas. In an rufe shi da danshi, ruɓa zai yi.

Sai shara. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ciyawa a gindin rumbu, tarin kara a jikin bango, tsabar da aka bari a ƙasa bayan sussuka, duk gayyata ce. Guba kuma tana da nata haɗarin, don kyanwa ko kaza na iya cin mushen, kuma ƙwayar gas da ake jefa wa hatsi ba ta zama a ɗakin kwana. Hatsin da ɓera ya yi wa fitsari ma ba na wasa ba ne. Ta nan zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, yake samun hanyar shiga gida.

Kafin damina da 'yan makonni, a ƙirga ƙwaya 100 daga tsakiyar ajiyar, a shuka a kasko mai damshin yashi, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda a ƙirga abin da ya fito. In ya yi ƙaranci, a ƙara yawan ƙwaya a rami, ko a nemi wani iri tun farashi bai tashi ba.